Walimar Sallah da Abokin da Muka Manta

Washegarin Babbar Sallah muka taru a Samaru, mu da muka bar Jami'ar Ahmadu Bello shekaru 20 da suka wuce. An ci naman layya, an tuna zaman ɗakunan Ɗanfodiyo, lokacin da kwanon garau-garau ɗaya kan ishi mutum huɗu.

Sai dai abokin da kan yi mana bita a daren jarrabawa bai halarta ba. Da na neme shi, ya ce: "Ɗan'uwa, karo-karon da kuka yanka ya fi ƙarfin malamin firamare."

Kunya ta rufe ni. Zumunci a ƙafa yake, mu kuwa mun mayar da shi aljihu. Baɗi, in Allah ya kai mu, a gidansa za mu taru, kowa da ƙwaryarsa.