Zaɓen 2023: Ina Sauran Jama'a Suka Shiga?

Ko da yake fiye da mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, 'yan takara kuma suka karaɗe birni da ƙauye suna neman goyon baya, da ranar 25 ga Fabrairu 2023 ta zo, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, adadi mafi ƙaranci tun komawar Najeriya mulkin farar hula a 1999. Musabbabin wannan kuwa zahiri ne, domin canjin takardun naira ya bar talaka ba kuɗin mota, man fetur ya yi wuya, alhali da yawa sun riga sun yanke ƙauna ga alkawarin masu mulki.

Sa'ad da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'a miliyan 8.79, magoya bayansa suka yi hamdala, amma abokan takararsa Atiku Abubakar da Peter Obi, bisa hujjar jinkirin ɗora sakamako a intanet, suka garzaya kotu, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasararsa a watan Oktoba.