Jan Wardi a Bakin Teku: Yadda Ake Raya Shi Tsakanin Gishiri da Iska

Duk wanda ya ga hoton gidajen bakin teku na Ingila ko Niyu Zilan, da jajayen furanni sun cika tukwane a bakin ƙofa, zai ɗauka abin banza ne: ka dasa, ka ba da ruwa, ka jira. Masu lambu a can sun san ba haka ba ne. Guguwar dare ɗaya ta isa ta bar shukar da aka yi shekara ana lallaɓawa da ganye ƙonanne, kamar an gitta mata wuta, alhali ruwa ne ya taɓa ta. Abin da ke bayan wannan ƙuna yana cikin littafin bayoloji da ke jakarku, kuma wanda ya gane shi ya gane rabin sirrin noman wardi a gaɓar teku.

Wane irin wardi ne wannan?

Wardi iri-iri ne. Wanda aka fi gani a shagunan kyauta shi ne mai fure ɗaya babba a kan dogon kara. Akwai kuma wani gajere da ake kira foliyanta, mai fitar da ƙananan furanni a dunƙule. A farkon ƙarni na 20, masu haɗa iri na gidan Poulsen a ƙasar Denmak suka haɗa waɗannan biyun, suna neman shukar da za ta jure sanyin ƙasarsu ta kuma yi fure da yawa. Daga nan aka sami jinsin da daga baya aka raɗa wa suna fuloribanda, kalmar Latin da ke nufin mai yawan fure. Maimakon fure ɗaya, kowane reshe yana fitar da tarin furanni, wani na bushewa wani na buɗewa, har tsawon watanni.

Cikin jajayen wannan jinsi akwai wanda ya yi suna wajen zama a tukunya, ana kiran sa Trumpeter, wato mai busa kakaki. Sam McGredy ne ya samar da shi a 1977. Mutumin Ireland ta Arewa ne da ya gaji sana'ar wardi daga kakanni, ya koma birnin Oklan na Niyu Zilan a 1972, birnin da teku ya yi wa ƙawanya ta gefe biyu. Ya fitar da Trumpeter ne daga wani wardinsa mai suna Satchmo, laƙabin shahararren mai busa na Amurka, Louis Armstrong. Tsayin shukar bai cika wuce santimita 60 ba, ganyenta kore shar mai sheƙi, furenta ja ne mai ɗan surkin ruwan lemo. Gajartar nan ita ce babbar garkuwarta, domin iska ba ta samun abin kamawa sosai kamar yadda take samu a jikin dogon wardi.

Gishiri: darasin aji a kan ganye

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Idan igiyar ruwa ta fashe a gaɓa, iska takan kwashi feshin ta kai shi cikin gari. Ɗigon ya sauka a kan ganye, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. Daga nan sai abin da malamin bayoloji ke kira osmosis ya fara aiki: ruwa yana tafiya ne daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Ke nan gishirin da ke bayan ganye yana zuƙo ruwan da ke cikinsa. Bakin ganyen ya fara yin ruwan ƙasa, ya ƙanƙance, toho ya mutu. Idan gishirin ya taru a ƙasa kuwa, saiwa ta kasa shan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take. Shuka ce a cikin ruwa tana mutuwa da ƙishi.

Kuna iya ganin wannan da idonku. Ku yanka dankalin turawa sala-sala, ku sa rabi a kofin ruwa zalla, rabi a kofin ruwan da aka zuba wa gishiri cokali biyu. Bayan awa ɗaya ku taɓa. Na ruwa zalla zai yi tauri, na ruwan gishiri zai yi laɓo-laɓo. Abin da ke samun ganyen wardi ke nan.

Akwai wardin daji da ake kira rugosa, wanda ke tsirowa a yashin gaɓar Japan da Koriya, ganyensa mai kauri da tamoji, gishiri bai dame shi ba. Fuloribanda ba ta da wannan baiwa, sai an taimaka mata. Shi ya sa masu lambu a bakin teku kan fito da safe bayan guguwa su wanke ganyen da ruwan daɗi tun gishirin bai yi ɓarna ba.

Iska da laima

Iskar teku ba gishiri kaɗai take kawowa ba. Tana busar da ganye, tana karya rassan da fure ya yi wa nauyi, tana girgiza shuka har saiwarta ta saki ƙasa. Mutum zai zaci katanga ce magani, amma iskar da ta daki katanga takan haura ta faɗo ta baya tana juyi da ƙarfi. Shingen itatuwa ko na saƙaƙƙen kara, wanda iska ke ratsawa kaɗan-kaɗan, ya fi katanga amfani, domin rage mata ƙarfi yake yi, ba tare ta ba.

Sai dai kuma idan aka killace shukar gaba ɗaya, an gudu daga wata matsala an faɗa wata. Iskar gaɓa tana da laima, laima kuwa ita ce gidan fumfuna. Babbar cutar wardi ita ce baƙin ɗigo: tabo baƙi ya fito a ganye, kewayensa ya yi rawaya, ganyen ya kaɗe. Ƙwayar cutar tana buƙatar ganye ya zauna a jiƙe na kusan awa bakwai kafin ta kama. Saboda haka ake ba da ruwa a gindi, da safe, ba a kan ganye da yamma ba, kuma wankin gishirin ma da safe ake yin sa don rana ta busar. Ganyen da ya kamu a tsinke shi, wanda ya zuba a share a ƙone, kada a zuba shi cikin taki.

Abin da ya sa tukunya ta fi

Ƙasar bakin teku yawanci yashi ce, ruwa da taki suna zurarewa nan take. A tukunya kuwa kai ke zaɓar ƙasa, kuma ranar da hadari ya haɗo kana iya ja ta zuwa lungu. Ana son mai zurfin santimita 40 zuwa 45, da huji a ƙasa, a ɗora ta a kan bulo don ruwa ya fita. A cika ta da ƙasa mai kyau haɗe da takin da ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Yawancin wardin da ake sayarwa mai aure ne, kamar mangwaro, don haka duk tohon da ya fito daga ƙasan gaɓar auren a cire shi, in ba haka ba zai cinye ƙarfin na sama.

Tukunyar ƙasa tana da nauyi, iska ba ta kayar da ita, amma tana saurin bushewa. Ta roba baƙa tana riƙe ruwa, sai dai rana kan gasa saiwar da ke cikinta. Ko wacce aka zaɓa, a ajiye ta inda za ta sami rana aƙalla awa shida. Kafin a ba da ruwa a tura yatsa cikin ƙasar: in ta bushe a zuba har sai ya fito ta hujin. Wannan zubin mai yawa yana wanke gishirin da ya taru. Takin zamani ma dangin gishiri ne, don haka kaɗan-kaɗan ake sa shi. Farin ɓawo a bakin tukunya alama ce ta cewa gishiri ya fara yawa.

Idan tarin fure ya gama, a datse shi da almakashin lambu daidai saman ganye mai lafiya, sabon reshe zai fito da wasu furannin. Babban aski kuwa sau ɗaya ne a shekara, a ƙarshen hunturu: wajen Fabrairu zuwa Maris a Ingila, Yuli zuwa Agusta a Niyu Zilan, tunda lokutansu a juye suke.

Ga masu karatunmu na gaɓa

'Yan uwa ɗalibai da ke Legas, ko Nima a Akara, ko Duwala, gaɓarku ta fi ta Oklan zafi da laima nesa ba kusa ba, kuma wardi ya fi jin daɗin wuri mai sanyi irin Jos. A wurinku fumfuna za ta fi gishiri zama barazana. Ku nemi inda rana ke faɗawa da safe, inuwa ta rufe da azahar, iska kuma na wucewa. Idan ƙungiyar manoman makarantarku za ta gwada, ku fara da tukwane biyu, ɗaya a bayan shinge, ɗaya a fili, ku riƙa rubuta abin da kuka gani kowane mako. Zuwa ƙarshen zango, ganyen da kansa zai nuna muku wurin da ya fi dacewa da shi.