Ku Bar Yatsun Yaro Su Ƙosa Kafin Ku Danƙa Masa Fensir

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a azuzuwan ƙananan yara na Batsari da Safana, na kuɗi da na gwamnati, kuma da hunturu ne muninta ya fi fitowa fili. Sai a ɗauki yaro ɗan shekara uku, wanda ko maɓallin rigarsa bai iya ɓallewa ba, a danƙa masa fensir da littafi mai layi-layi, a ce ya rubuta ɗaya zuwa ɗari. In ya kasa a kira shi daƙiƙi, in ya yi kuka a ce sangarta ce.

A wata makarantar kuɗi da ba zan ambaci sunanta ba, na leƙa ajin 'yan rabin aji da sanyin safiya. Tagogin babu marufi, iska na kaɗo ƙura, yara na zaune a kan siminti sun takure. Wata yarinya ta dunƙule fensir a tafinta, bayan hannun ya yi furu-furu, gaɓoɓin yatsun sun tsattsage har da ɗan jini. Tana dannawa da dukan ƙarfin kafaɗarta, bakin fensirin ya karye, takardar ta huje. Anti ta zo ta ƙwanƙwashe ta a ka, ta kama hannun ta ja shi da ƙarfi ta zana lamba takwas, sannan ta sa jan biro ta ba da maki. Wa ya rubuta wannan takwas ɗin? Da yamma kuma za a bi yarinyar gida da aikin shafi biyu, yayarta ta cike mata, uwa ta duba littafi ta yi murna wai 'yarta ta iya rubutu. Kowa ya yaudari kowa, yarinya kuwa abin da ta koya shi ne fensir abin tsoro ne.

Laifin ba na malamai kaɗai ba ne. Mu iyaye mu ne ke tsayawa a bakin ofishin hedimasta muna cewa, "Malam, kuɗi fa nake biya, in ban ga rubutu a littafi ba me na biya?" Mai makaranta kuwa ɗan kasuwa ne, abin da mai saye yake so shi zai kasa. Da ka yi magana sai a jefo maka karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ba wanda ke ɗora wa dashen bana jinka.

Ga abin da ke cikin hannun nan da muke azabtarwa. A wuyan hannun mutum akwai ƙananan ƙasusuwa 8, kuma ranar da aka haifi jariri dukansu guringuntsi ne. Ɗaya bayan ɗaya suke ƙosawa, na ƙarshensu sai yaro ya doshi shekara 10 ko ma ya wuce. Sarrafa gaɓoɓi ma daga sama yake gangarowa: kafaɗa tukuna, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, yatsu su ne 'yan auta. Shi ya sa ƙaramin yaro ke dunƙule abin rubutu a tafi. Riƙon nan na yatsu uku da manya ke yi, galibi sai tsakanin shekara 4 zuwa 6 yake zauna wa yaro. Ƙara da sanyi, wanda ko babba in ya fito alwalar asuba a watan Janairu sai yatsunsa sun sandare. Bulala ba ta ƙosar da ƙashi.

Abin takaici, gwamnati ma ba ta ce a yi hakan ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin hukumar UBEC da takwarorinta na jihohi, wato SUBEB. Kundin manufofin ilimi na ƙasa, bugun 2013, ya tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ya ce da wasa za a koyar a wannan mataki, da harshen uwa ko na yankin, malami ɗaya ga yara 25. Na san a garin Batsari wannan adadi mafarki ne, tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan bakin dajin Rugu jama'a suka tuɗaɗo cikin gari da 'ya'yansu, azuzuwa suka cika maƙil. To amma cunkoson ma hujja ce a kanmu: malamar da ke fama da yara fiye da kima ba za ta iya bin kowane littafi ba, alhali tana iya zaunar da su rukuni-rukuni a kan tabarma kowa da abin yi a hannunsa.

Kakanninmu ma sun fi mu dabara. A makarantar allo, kolo ba ya fara da rubutu. Malam ne ke rubuta masa, shi kuwa ya bi babbaƙu da tsinke ko da yatsa, ya wanke allo, ya daɗe a haka kafin a yarda ya tsoma alƙalami a tawada. Can a Italiya, likita Maria Montessori da ta buɗe gidan yaranta a birnin Rum a 1907 ta bi kusan wannan hanya: ɓalle maɓalli, zuba hatsi daga wannan kwano zuwa wancan, shafa haruffa masu kaushi da yatsa, sannan rubutu ya biyo baya. Yau masu kuɗi a Abuja na biyan maƙudai don a yi wa 'ya'yansu haka, mu kuwa da muka gaje shi mun watsar.

Kuma babu lokacin da kayan aiki suke yalwata kamar hunturu. Littattafan da ake kwafowa daga Turai cike suke da hotunan dusar ƙanƙara da yaran Runka da Ruma ba su taɓa gani ba. Namu hunturun bayan kaka yake zuwa, ga kara jibge a kowane gida. A ba yaro totuwar kara da siraran ɓawonsa ya soka ya haɗa mota ko tabarau, irin wanda duk muka yi muna yara. Wannan sokawar da babban yatsa da manuni, ita ce dai riƙon fensir. A zuba musu gyaɗa su ɓare, a gauraya wake da masara a faifai su ware kowanne gefe guda, su cire gurya daga auduga, su ɓare zoɓo. A kwaɓa yumɓu da ruwan ɗumi su mulmula, su gina shanu da tukwane. A huda totuwa su zura zare su yi sarƙa. 'Yan shekara biyar su yi carafke, su gwada kitsa kaba tufka uku. Sai a baza yashi a tire, ko a fita tsakar makaranta in rana ta ɗaga, su ja layi da da'ira da yatsa, manya-manya, kafin a zo ga gawayi da alli a jikin allo. Duk wannan ko sisi ba a kashe ba, kuma ana cikin yi ana ƙirge, ana kiran sunayen launi.

Sai dai a nan ne sakacinmu ya fi ba ni haushi, don an ce a ba yara tsaba ba a ce a watsa musu a tafi hira ba. Ƙwayar wake in ta shiga hanci kumbura take yi, kuma gyaɗa na iya sarƙe yaro ta faɗa hanyar numfashi. Wanda bai kai shekara uku ba kada a ba shi ƙananan ƙwayoyi sam. In abu ya shige hanci ko kunne, don Allah a daina zungura da tsinken tsintsiya ko ashana, a nufi asibiti. Idon zakara, jan nan mai ɗigon baƙi da ke ɗaukar idon yara, guba ne mai kisa. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Kada su kusanci aji. Babba ne zai feƙe kara ya kankare kaifin ɓawon, ba a ba yaro reza, kuma a kakkaɓe damin tukuna saboda kunama. Sannan a daina hura wuta a cikin aji da sunan jin ɗumi ga tarin kara a gefe.

Uwa kuma, kafin yaro ya fita, ki wanke masa hannu da ruwan ɗumi ki shafe shi da man kaɗanya ko basilin, har tsakanin yatsu. Hannun da ya tsage ba ya son riƙe komai. Ki bar shi ya ɓalle maɓallinsa da kansa ko da zai ɓata miki lokaci, ya murza ƙuli-ƙuli, ya taya ki tsince shinkafa. Wayar da kike miƙa masa don ya yi shiru yatsa ɗaya kawai take motsawa. In kuma bahago ne, koya masa ci da dama daban, tilasta masa rubutu da dama da duka daban. Na biyun ba ya haifar da komai sai rubutun kaza da tsanar makaranta.

Akwai yaran da matsalarsu ta wuce rashin motsa yatsu. Wanda ya kai shekara huɗu bai iya tsintar abu da yatsu biyu ba, ko kullum hannu ɗaya a dunƙule yake ba ya amfani da shi, ko hannun na karkarwa in ya miƙa, wannan ba na bulala ba ne, ba kuma na jira ba. A kai shi babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Katsina.

A taron iyaye da malamai na wannan zangon, maimakon ƙirga shafukan da aka cike da jan biro, ku nemi a sa wa tagogin ajin 'yan rabin aji marufi, a shimfiɗa musu tabarma, a ɗage duk wani aikin alli zuwa hantsi, a kuma soke aikin gida na rubutu ga duk wanda bai kai shekara biyar ba.