Kurkunu, Tuƙa-tuƙa da Masai: Injiniyancin Jinƙai a Karkara

Gabatarwa

Idan aka ce injiniya, abin da yake fara zuwa a zukatanmu shi ne mai gina gada ko madatsar ruwa ko dogon bene a birni. Akwai kuwa wani reshe na wannan sana'a da ba a cika jin labarinsa ba, wanda zan kira shi injiniyancin jinƙai, wato amfani da ilimin ƙere-ƙere don fitar da talakawa daga wata matsala da ta addabi rayuwarsu. A wannan maƙala zan taƙaita ga ruwan sha da tsabtar muhalli a karkara. Abin da nake son nunawa shi ne, na'urar da take daɗewa tana amfani a ƙauye ita ce wadda mutanen ƙauyen suka fahimci dalilinta, suke kuma iya gyara ta da hannunsu. Fahimta kuwa da harshe ake samar da ita, ta nan ne mu ɗaliban harshe muka shigo cikin zancen.

Yadda aka ci ƙarfin kurkunu

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin kurkunu ba, sai dai labari a bakin manya. A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne suke kamuwa da shi duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Da aka bi ƙauyukan Nijeriya ɗaya bayan ɗaya a tsakanin 1988 da 1989, an sami fiye da mutum 650,000 masu ɗauke da shi, babu ƙasar da aka ƙirga adadin da ya kai haka. Bai bar kudu ba, bai bar arewa ba.

Ga yadda abin yake. Mutum zai sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa waɗanda da ƙyar ido yake ganinsu. A cikin waɗannan ƙwari ne 'ya'yan kurkunu suke ɓoye. Idan an haɗiye su sai ƙwarin su mutu, 'ya'yan su huda hanji su shiga jiki su girma. Bayan kamar shekara guda, macen, wadda tsawonta kan kai mita 1, sai ta gangaro, yawanci zuwa ƙafa, ta tayar da bororo mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Don neman sanyi, mai ciwon ya je ya tsoma ƙafarsa a tafki. Da jin ruwa sai ta zubar da 'ya'ya dubbai, ƙwarin ruwa su haɗiye, maƙwabci ya zo ya ɗebi ruwan ya sha. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Abin da ake yi tun zamanin da shi ne a nannaɗe kan tsutsar a tsinke, ana ja a hankali, ɗan kaɗan kowace rana, har makonni. A ƙasashen Sahel da damina yake fitowa, daidai lokacin da ake bukatar kowa a gona. Shi ya sa Dogon na ƙasar Mali suke kiransa ciwon da yake barin rumbu wayam.

Tun da babu magani, aikin ya koma kan ruwan da kansa. Kayan da aka yi amfani da su ba su da wani kwarjini. Na farko shi ne ƙyallen nailan mai ƙananan ƙofofi da ake ɗaurawa a bakin randa ko tulu, ruwa ya wuce, ƙwarin su maƙale. Na biyu shi ne ɗan bututun roba mai rariya a baki ɗaya, wanda makiyayi ko matafiyi yake ratayawa a wuya, duk inda ƙishi ya kama shi ya zuƙi ruwa ta cikinsa. A shekarar 2001 an raba irinsa fiye da miliyan 9 a Sudan, ana tsakiyar yaƙi. Sai maganin Abate da ake zubawa a tafki ya kashe ƙwarin ba tare da ya cutar da mai sha ba, sai hana mai ciwo shiga ruwa, sai kuma haƙa rijiyar burtsatse inda hali ya yi.

Wahalar ba a ƙyallen take ba, a bayani take. Mai karatu ya auna da kansa: yaya za ka gamsar da dattijo cewa ruwan da ya sha bara shi ne ya fito masa a ƙafa bana? Tsakanin sababi da sakamako akwai wata goma sha biyu. Wasu sun ɗauka a jini yake, wasu suka ce gado ne, wasu suka danganta shi da sammu. Dabarar da ma'aikata suka yi ita ce su wanke ƙyallen da aka tace ruwa da shi a cikin kwalba, su ɗaga ta a rana, jama'a su ga ƙwarin suna tsalle da idanunsu. Aka kuma ɗauki 'yan sa-kai daga cikin ƙauyen, masu jin harshen gida, suna zagayawa gida-gida suna kai rahoto duk wata. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ce ta ja gaba a duniya, a nan gida kuma Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin ƙauyuka da kansa, yana kuma matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyi. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya a watan Nuwamba na 2008, a ƙauyen Ezza Nkwubor cikin Jihar Enugu. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da shi, tare da maƙwabciyarmu Nijar. A duk duniya mutum 14 kawai aka samu a 2023, sai dai a Chadi an tarar yana kama karnuka, abin da ya ja wa aikin jinkiri.

Famfon da ya tsaya

Rijiyar burtsatse ta fi ƙyalle, domin ba kurkunu kaɗai take karewa ba, har da kwalara da zawo da taifot. Amma duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara ya san wannan hoto: famfon tuƙa-tuƙa ya yi tsatsa, kusa da shi ga allo ɗauke da sunan wanda ya ƙaddamar, mata kuma sun koma rafi da tuluna. Sau da yawa abin da ya tsayar da shi 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin buhun masara ba.

Famfon India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da taimakon UNICEF, ƙaƙƙarfa ne ƙwarai, kuma ya bazu a Afirka. Aibinsa ɗaya: idan robar da take can ƙasa ta cinye, sai an zaro dukkan bututun ƙarfe masu nauyi kafin a kai gare ta, wannan kuwa aikin ƙwararru ne da manyan kayan aiki, su kuma suna hedikwata, motarsu ba mai. Ganin haka injiniyoyi suka zauna a Malawi da Kenya a shekarun 1980 suka fito da famfon Afridev. An tsara shi yadda za a zaro sandunan da robar ta cikin bututun ba tare da an ɗaga shi ba, da sifana guda da ɗan ƙugiya, mutum biyu sun isa. A ganina wannan shi ne injiniyancin jinƙai na ainihi, domin mai ƙirar ya tuna da ranar da shi ba ya nan. Duk da haka sai an sami kwamiti mai tara kuɗin gyara, an kuma sami shagon da yake sayar da robar a kasuwa ta kusa. In babu waɗannan, Afridev ɗin ma tsatsa zai yi.

Akwai kuma darasin Bangaladash. Daga shekarun 1970 an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don raba jama'a da ruwan tafki, mace-macen yara ta hanyar zawo kuma suka ragu. A 1993 aka tabbatar da cewa da yawa daga rijiyoyin suna ɗauke da gubar asanik daga ƙarƙashin ƙasa, wadda ba ta da launi balle ɗanɗano. Ba a gwada ruwan don neman ta ba tun farko. Daga baya aka bi famfunan da fenti, ja ga mai guba, kore ga mai lafiya.

Masai

Ruwa mai kyau ba ya daɗewa a garin da ake bahaya a fili. A farkon shekarun 1970 Peter Morgan ya ƙera wani masai a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, wanda dabararsa bututu ne kawai. Ana kafa shi daga ramin ya zarce rufi, a rufe bakinsa da raga, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu. Iskar da take bi ta saman bututun tana janye wari, ƙudajen da ke ramin kuma su bi haske su hau bututun, su tarar da raga, su mutu a nan. Ana kuma so masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya.

Sai dai an sha gina wa mutane masai kyauta su mayar da shi ɗakin ajiyar hatsi. Wajen shekarar 2000 Kamal Kar ya gwada wata hanya a Bangaladash: babu kyautar siminti, sai dai a zagaya gari tare da mutanensa, su nuna inda ake bahaya, su bi sawun ƙuda daga can zuwa kwanon abinci. Sharaɗinsa shi ne a kira abin da sunansa na gatsal a harshen mutanen, kada a sakaya. An yi amfani da wannan hanya a Nijeriya, kuma a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili.

Wannan sharaɗi na Kar ya ba ni tunani. Hausa harshe ne mai kunya. Muna cewa bayan gida, ban ɗaki, kewayawa, zagayawa, bahaya, duk don kada a ambaci kashi. To wace kalma ma'aikaci zai ɗauka a gaban mai gari da limami? In ya sakaya, zancen ya wuce ba wanda ya ji ƙyama. In ya faɗa gatsal, a ce ba shi da tarbiyya, taro ya watse. Ni dai ina ganin amsar ta danganta da wanda ya furta: abin da baƙo ba zai iya faɗa ba, tsohuwa ko abokin wasa yana iya faɗa a yi dariya, saƙon kuma ya shiga.

Akwai wasu giɓi biyu da na lura da su. Injiniyoyi sun bambance gyaran da ake yi bayan abu ya lalace da wanda ake yi kafin ya lalace, mu kuwa duka gyara muke cewa, kuma Bahaushe ba ya gyaran abin da yake aiki. Wanda aka ce wa ya canja robar famfo duk shekara zai tambaya, me ya same ta? Watakila rigakafin famfo ya fi dacewa, tun da kowa ya san rigakafi ana yi wa mai lafiya ne. Na biyu shi ne ruwa mai tsabta. A kunnen mai sauraro wannan na nufin ruwa garai-garai, wanda ba laka ba ƙura. Ruwan da ya ɗauki ƙwarin kurkunu yana iya zama garai-garai, haka ma na rijiyoyin Bangaladash. Masu fassara a rediyo sukan ce tsabtataccen ruwan sha, wasu su ce ingantaccen ruwa. Na fi karkata ga amintaccen ruwa, wato wanda aka gwada aka amince da shi, kuma ina so 'yan ajinmu na fassara su gwada kalmomin uku a kan masu ga-ruwa da matan aure a zangon Hausawa mafi kusa da mu, su ji wacce aka fi fahimta.