Shirin Musamman: Amortisar ɗin Bayan Babur, a Sake Masa Mai ko a Sayi Sabo?

A ƙarƙashin kujerar yawancin baburan da ke yawo a Yamai, irin su Kasea da Haojue da Boxer, akwai amortisar guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sun haɗa gangar jikin babur da hannun da ke riƙe da tayar baya. Kowanne aiki biyu ne a cikinsa. Naɗaɗɗen ƙarfen nan na waje, wato resor, shi ke ɗaukar nauyi. Bututun da ke tsakiyarsa kuwa mai ne a ciki, da fistan mai ƙananan huji a bakin wata sanda mai sheƙi. Idan taya ta faɗa rami, sai fistan ya tilasta wa man ya bi ta hujin nan a hankali, shi ne ke hana babur ci gaba da tsalle.

Yamai ba ta raga wa wannan ƙarfe. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana tsinka mai. Ƙurar hunturu na manne wa sanda tana cin zoben robar da ke tsare man. Damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, takan bar kwazazzabai a hanyoyin jar ƙasa na unguwanni irin su Talaje da Bukoki. Ga ɗan kabu-kabu da ke ɗora mutum biyu da buhu a baya.

Gane wanda ya gaji ba wuya. Za a ga damshin mai a jikin bututu, ƙura ta daskare a kai ta yi baƙi. In aka danna bayan kujera da ƙarfi aka saki, mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya, matacce kuwa sai ya yi ta lilo.

Daga nan ne shawara ke rabuwa. Akwai amortisar mai murfi da ake kwancewa, kuma irinsa ya cancanci gyara. Mai gyara zai matse resor ya cire shi, ya buɗe murfin, ya zubar da tsohon mai, ya wanke ciki, ya sa sabon zobe, sannan ya auna mai ya zuba. Sai dai mafi yawan waɗanda ke zuwa a kan ƙananan babura a like suke tun daga masana'anta, ba a yi su don a buɗe ba. Dabarar da wasu ke yi ita ce su huda bututun, su tsiyaye man, su ɗura wani da sirinji, su toshe hujin da kusa ko walda. Babur kan yi daɗin hawa na ɗan lokaci. Amma man farko ba haka kawai ya ɓace ba, ta wajen zoben da ya lalace ya zurare, kuma sabon ma nan zai bi. Ga garin ƙarfen da hudar ke zubawa ciki, ga zafin walda da ke ƙona roba.

Irin man ma abin dubawa ne. Amortisar mai tsinkakke yake so, irin wanda ake zubawa a ƙafafun gaba. Baƙin man inji ya yi masa kauri, sai bayan babur ya sandare, kowace gargada ta ƙare a ƙugun mahayi. Tsohon man da aka juye daga inji ya fi muni, domin cike yake da datti. Ba a kuma cika bututu maƙil, dole a bar wa iska wuri, in ba haka ba sandar ba ta da inda za ta shiga, sai zoben ya fashe. Wanda ke da iskar gas a matse cikinsa, kamar na wasu manyan babura, ba a huda shi, ba a kai masa wuta, don yana iya fashewa a fuskar mai aiki.

Akwai kuma cutar da mai ba ya magani: resor da ya kwanta, sandar da ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa. Wannan sai saye. Mai zuwa kasuwar Katako ko Wadata ya tafi da tsohon a hannu, a gwada tsawo daga ido zuwa ido, wato hujin sama da na ƙasa da ake ɗaure shi, a duba robobin da ke cikin idanun. Na hannu da ake sayarwa a kan araha a matsa shi a gani tukuna, domin sau da yawa fenti kawai ya sha. Kuma biyu ake sakewa tare, don sabo a gefe ɗaya da gajiyayye a ɗayan na sa babur rawa a kwana.

Saboda haka masu sauraro, amortisar mai murfi wanda sandarsa da resor ɗinsa ke lafiya, a sake masa mai da zobe. Likakke kuwa da ya fara yoyo, a cire shi a sa sabo.