Fenti Ba Ya Ɗinke Tsaga: Jan Kunne Ga Masu Sayar Da Keken Hannu

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo kan hanya. Duk mai bin titin Gwarzo da sassafe, daga Janguza zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya shaida haka: ga lebura, ga ɗalibi, ga mai kai kayan gwari cikin birni. Cinikin keken hannu ya buɗe a Tofa da Lambu da Doka da sauran garuruwanmu, sai dai ya zo da wata ɗabi'a da na gaji da gani.

Keke zai tsage a wuya ko a gindin sirdi. Mai shi ya kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta, a goge wurin, a fesa fenti, a manna sitika a kai, a wanke tayoyi su yi ƙyalli, a fitar da shi kasuwa. In wanda ya saya ya dawo da ƙorafi, amsar guda ce: "Ai bai tambaye ni ba. Ya duba, ya hau, ya taya, na sallama." Har masu furfura na ji suna kare wannan magana, wai iya ciniki ne.

Abin ya fi shafar keken tsere, wato mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannu da giya da yawa, irin waɗanda ake shigo da su na hannu daga Turai da Amurka da Japan. Matasa na rububinsa saboda gudu da rashin nauyi.

To, malam mai cewa ba a tambaye ka ba, wa ya gaya maka sai an tambaya ake faɗin aibi? Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kusan kowane zauren ilimi a ƙasar Kano, ta haramta algus da yaudara da ɓoye aibi a babin ciniki. Ba ta tsaya nan ba, ta hana mai sayarwa yin shiru a kan duk abin da ya san in mai saye ya ji zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Shirun kansa shi ne laifin. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya taɓo danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ka lura, babu mai sayen da ya tambayi mutumin nan komai, kuma bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Kai kuwa ka wuce shi, domin kuɗi ka kashe ka sayo fenti takanas don rufe ido. Kuma a hukunci, wanda ya ga tsohon aibi bayan ciniki yana da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. "An sallama" ba ta goge wannan haƙƙi.

Wani zai ce ai an gyara, ina aibin yake? Nan ne jahilcin ya fi ba ni haushi, don da sanin tsohon keke ake yi wa sabo hukunci. Raleigh na iyayenmu, wanda har masana'antarsa aka yi a Bompai, da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, duk baƙin ƙarfe ne. Ƙarfe yakan lanƙwashe kafin ya karye, yana ba ka gargaɗi, kuma in gwani ya yi masa walda zai ƙara shekaru yana ɗaukar buhu. Akasarin kekunan tseren yanzu kuwa alminiyam ne. A masana'anta, bayan an haɗa gangar jikinsa sai an sake gasa ta a tanderu da ƙayyadadden zafi kafin ta yi ƙwari. Waldar bakin titi tana kashe wannan ƙwarin a daidai inda wuta ta taɓa, sai wurin ya fi da rauni. Alminiyam kuma ba ya sallama in zai tafi: tsagar tana ci a ƙarƙashin fenti, ran da ta kai sai ya ɓalle gaba ɗaya. Wasu ma na kabon ne, wanda ba ya karɓar walda sam. Yanzu ka ƙaddara wuyan keke ya rabu da yaro yana gudu a kwalta, ga tifar yashi a bayansa. Kuɗin nan nawa ne?

Kuma mu nan ba baƙin juna ba ne. Gona na jingine da gona, wanda ka cuta yau shi za ka tarar a sahun Juma'a, ko ɗan ƙanwar matarka ne ba ka sani ba. Na san akwai matsin rayuwa da zugar dillalai masu neman la'ada, amma ba su ne suka riƙe gwangwanin fentin ba.

In za ka sayar, ɗan'uwa, ka wanke keken amma kada ka yi masa fenti. Ka ɗora hannun mai saye a kan duk inda aka taɓa gyara, ka faɗa masa ko ya taɓa karo, ko giya na tsallake, ko sarƙa ta saki. Ka kuma gaya masa abin da keken ba zai iya ba. Siririyar taya ba ta son rairayin hanyar gona, ƙaya kuwa abincinta ce, yawanci babu wurin ɗaura kariya, balle a yi maganar buhun taki. Tayarsa ba irin mai inci 28 ta tsohon keke ba ce da kowane mai faci ke da ita, kan tif ɗinsa ma siriri ne, ba kowane famfo ke kama shi ba. Wanda ya zo neman keken kai masara niƙa, ka ce masa wannan ba nasa ba ne, ko da ya nace.

A yi takarda. Ku kifa keken, a ƙarƙashin inda feda ke juyawa akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe. A rubuta ta, da launi, da kuɗin da aka biya, da aibin da aka bayyana, shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa. Takardar nan kai ma ta kare ka, don gobe ba mai cewa ka ɓoye abin da ke rubuce. In an kankare lambar, ko mai keken ya kasa faɗin inda ya samo shi, a bar cinikin. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, kuma "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutumin da ya sayi abu rabin kuɗinsa da daddare ba.

Kai kuma mai saye, ka tafi da mai gyaran keken da ka yarda da shi, ka biya shi ladan dubawa. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne ƙarfe ne, in ya ƙi alminiyam ne ko kabon. Ka bi kowace mahaɗa da yatsa da rana tsaka, ka ɓare gefen sitikar da ta zauna inda bai kamata ba. Fenti ya kumbura a bayan wuya, ko ƙafafun gaba sun ɗan koma baya, alamar karo ce. Ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana rawa, ka matse birkin gaba ka girgiza keken ka ji ko wuya na ƙwanƙwasa.

Wanda kuma kekensa na alminiyam ya riga ya tsage, bai yi asara duka ba. Ya kwance giya da birki da wili da sirdi ya sayar wa masu gyara ɗaya bayan ɗaya, musamman in na Shimano ne, suna da kasuwa. Gangar jikin kuwa ya sa zarto ya raba ta biyu don kada wani ya sake haɗa ta, ya kai wa 'yan gwangwan su auna, masu ƙera tukwane na nemanta.