Ƙara wa Injin Motar Wasa Gudu

Injin lantarkin ƙaramar motar wasa mai rimot ya ƙunshi maganaɗisu da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe. Idan aka rage yawan naɗin, aka sa waya mai kauri, injin zai ƙara gudu. Sai dai zai riƙa jan wuta da yawa, batir ya ƙare da wuri, shi kuma ya ɗau zafi.

A wuri kamar unguwar Roumdé Adjia ta Garwa, arewacin Kamaru, zafin Afrilu kan kai digiri 40. Zafi mai tsanani yana raunana maganaɗisu, yana ƙona rufin wayar. Saboda haka wajibi ne mai gyara ya buɗe wa injin kafar iska, a kuma riƙa hutar da shi.